Hindawiyya: Suna na Wasu, Unguwa Tamu

Ɗan'uwa, in an tambayi Bahaushen Makka ina ne gida, sau da yawa zai ce Hindawiyya ko Shara Mansur. To amma ka taɓa tsayawa ka ɓare sunan nan? Masu bayanin gaggawa kan ce ai a fili yake: Hind ita ce Indiya, saboda haka unguwar Indiyawa ce, shi ke nan. Ni wannan bayani bai gamsar da ni ba, ya yi sauƙi da yawa.

Duba ginin kalmar. Balarabe in zai ce mutumin Indiya, Hindi yake cewa. Hindawi kuwa sunan dangi ne sananne a ƙasashen Larabawa, kuma wutsiyarsa ita ce dai ta Makkawi da Barnawi da Hausawi. Ita “-iyya” ta ƙarshe jingina wuri take yi ga wani, kamar yadda Aziziyya ta jingina ga Sarki Abdul'aziz. Ke nan kalmar na iya nuna mutum guda ko gida guda, ba lallai al'umma ba. Wanda ya yanke hukunci daga jin sauti kawai, ya yi gaggawa.

Mu da muka san Kano bai kamata wannan ya ruɗe mu ba. Turawan da ke cikin sunan Dandalin Turawa Larabawa ne, ba Nasara ba. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masauki ta fito. Je ka Tudun Nufawa yau ka ƙirga masu jin Nufanci. Suna yakan riƙe na farko, ya yi shiru a kan waɗanda suka raya wurin.

Nan ne gizo ke saƙa. Allon unguwa bai ambace mu ba, sunan da ya ambace mu kuwa, Takari, mun mayar da shi zagi. Alhali asalinsa Takrur ne, daular bakin kogin Sanagal wadda sarkinta War Jabi ya musulunta kafin rasuwarsa wajen 1040, Al-Bakri kuma ya rubuta labarinta a 1068. Da sunan nan Larabawa suka san alhazan Afirka ta Yamma ɗaruruwan shekaru. Kakanni sun tako da ƙafa ta Chadi da Sudan, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, suna noma a hanya don kuɗin guzuri. Jikokin irin waɗannan mutane uku, duk Hausawi, suna cikin tawagar Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, Usama Hausawi ne ma kyaftin. Ina abin kunya a nan?

Kuma lokaci ba ya jira. Shamiyya ta tafi a faɗaɗa Harami da aka fara rusau dominta a 2008. Aikin Masar ya share gidaje da dama a yammacin Harami. In bango ya faɗi, suna kaɗai ke saura, shi kuma ba namu ba ne.

Don haka in kana da tsohuwa a gida, zauna da ita yau. Tambaye ta lungun da suka sauka, wa ya karɓe su, wane masallaci suka yi karatu. Ka rubuta, ka karanta wa yara da Hausa. Suna linzami ne, amma sai da mai riƙe shi.