Sharhi a Kan Ra'ayin Fuglestad Game da Ƙuri'ar Raba Gardama ta 1958 a Nijar

Fuglestad (1973) ya danganta kayen da Sawaba ta sha ranar 28 ga Satumba, 1958 da juya bayan da sarakuna suka yi wa Djibo Bakary. Wannan nazari bai musa rawar sarakuna ba, sai dai bayanin ya bar giɓi. Sawaba ce ke riƙe da gwamnati, ga magoya baya a Damagaram da Maraɗi, amma "a'a" ta tashi da kashi 22 cikin ɗari kacal, kuma akasarin masu rajista ba su fita ba. Ashe ke nan ba sheƙa suka sauya ba, ƙauracewa suka yi.

Abin tambaya shi ne: daga bakin wa talaka ya ji ma'anar ƙuri'ar? De Gaulle ya ce "a'a" na nufin yankewar taimakon Faransa, jami'an Gwamna Colombani kuma suka kai saƙon ƙauyuka. Van Walraven (2013) ya nuna har da tsoratarwa. A Gini kuwa, inda Sékou Touré ya rushe sarautu tun 1957, jam'iyya ce ta yi wa jama'a bayanin, "a'a" ta haura kashi 90.