Gwanayen Sarrafa Numfashi a Ƙasar Indiya

Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, bai ma san yana yi ba. A Indiya kuwa akwai waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu wajen horar da wannan numfashi, fannin da masu yoga ke kira pranayama. Gwani a cikinsu zai harɗe ƙafafu, ya miƙe gadon bayansa, ya rage numfashinsa zuwa sau huɗu ko biyar a minti, fuskarsa sumul kamar mai barci, alhali hankalinsa a farke yake.

Abin ba sabo ba ne. Patanjali, wanda ya tsara yoga a matakai takwas, ya sa horon numfashi a mataki na huɗu, bayan gyaran hali da iya zama. Malamin nan Al-Biruni ma ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci tun ƙarni na 11. Tushen abin dai addinin Hindu ne, kuma masu yi da gaske ibada suka ɗauke shi, hanyar tattara zuciya wuri guda domin abin da suke bauta wa. Ba sai mutum ya yarda da aƙidarsu ba kafin ya yaba irin haƙurin da ke cikin aikin.

Ga yadda ake ɗaya daga cikin darussan. Ɗalibi zai toshe ƙofar hancinsa ta dama da babban yatsa, ya shaƙi iska ta hagu a hankali, ya toshe duka biyun ya riƙe, sannan ya saki ta dama. Sai ya juya, ya shaƙa ta dama ya fitar ta hagu. Waɗanda suka yi nisa suna bin ƙa'idar 1:4:2, wato in an shaƙa cikin daƙiƙa 4, a riƙe na daƙiƙa 16, a fitar cikin daƙiƙa 8. A faɗa da baki da sauƙi. Gwanintar tana wajen fitarwar: iskar ta fita siririya, ba karkarwa, ba gaggawa, kafaɗu ba su ɗaga ba, kuma shaƙar da za ta biyo baya ba ta zo da haki ba. In ta zo da haki, malami ya san ɗalibi ya zarce ƙarfinsa, sai ya mayar da shi baya. Likitoci sun san cewa tsawaita fitar da numfashi yana rage saurin bugun zuciya, kuma tun 1924 Swami Kuvalayananda ya kafa cibiyar Kaivalyadhama a garin Lonavla don a auna irin waɗannan abubuwa da na'ura.

Abin da ya fi jan hankalin baƙi a wannan fanni shi ne kundalini, wani ƙarfi da masu yoga suke cewa yana kwance a ƙasan ƙashin baya, a nannaɗe kamar maciji, wanda in ya farka yakan hau har tsakiyar kai. Masu ba da labarinsa sukan ambaci zafi, rawar jiki da ganin haske. Gopi Krishna, wani ma'aikacin gwamnati ɗan Kashmir, ya ce hakan ta same shi a 1937 yana cikin zaman tunani da asuba. Abin da ya biyo baya ba daɗi ba ne: ya yi shekaru yana fama da rashin barci, ƙunar jiki da tsoron taɓin hankali, kamar yadda ya bayyana a littafinsa na 1967. Tun ƙarni na 15 littafin Hatha Yoga Pradipika ya yi gargaɗin cewa horon numfashin da aka yi da garaje yana jawo tari, shaƙuwa da ciwon kai.

Shi ya sa ni a wurina gwanin gaske shi ne malamin da ya iya cewa ɗalibi "dakata". B.K.S. Iyengar na birnin Pune, wanda ya rasu a 2014 yana da shekara 95, ya yi suna wajen nacewa sai jiki ya zaunu sosai kafin a taɓa riƙe numfashi. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya da mace mai juna biyu kuwa, malaman kirki ba sa bari su riƙe numfashi sam.