Sharhi a kan Rahoton Riba na Manhajar Quicken

Quicken manhaja ce ta kwamfuta wadda kamfanin Intuit na Amurka ya fito da ita a shekarun 1980 domin magidanci ya riƙa rubuta shigar kuɗinsa da fitarsu. Kamfanin ya sayar da ita a 2016, amma tana nan ana aiki da ita. Abin da za mu duba a nan shi ne shafin da take nuna wa mai hannun jari ribar da dukiyarsa ta jawo. Shafin gajere ne, kusan lamba ɗaya ce tak a ƙarshensa, kuma a kan wannan lamba mutum ke yanke shawarar ya sayar ko ya ƙara saye.

Bari mu fara da misali. A ce Malam ya zuba dala 1,000 a farkon shekara. Cikin wata shida jarin ya hau da kashi 20 cikin ɗari, ya zama 1,200. Daɗi ya kama shi, ya ƙara 10,000. Wata shidan da suka biyo baya sai kasuwa ta sauka da kashi 10, abin da ke hannunsa ya koma 10,080. Ya zuba 11,000, wato ya yi asarar 920. To amma kamfanin da ke juya masa kuɗin zai buga cewa jarin ya yi ribar kashi 8 a shekarar, kuma bai yi ƙarya ba, domin shi yana auna hawa da saukar farashi ne kawai, ba ruwansa da ranar da Malam ya ƙara kuɗi. Ita kuwa Quicken tana lura da yawan kuɗin da aka zuba da ranar da aka zuba su, saboda haka za ta nuna asarar wajen kashi 15.

A nan manhajar ta cancanci yabo. Aljihun mai kuɗin take aunawa, kuma shi ne abin da ya dame shi. Laifinta shi ne lambar ba ta faɗa wa mai karatu wace irin riba ce ita. Sai mutum ya ɗauke ta ya kwatanta da abin da ya ji ma'aunin S&P 500 ya yi, alhali mudun ba ɗaya ba ne. Daga nan ya ɗora wa mai juya kuɗin laifi, ko ya sayar da jari mai kyau, bayan shi ne ya shiga kasuwa a mummunan lokaci.

Wani abin da ya fi wannan rikitarwa shi ne yadda take miƙe ribar ɗan lokaci ta mai da ita ta shekara. Jarin da ya hau da kashi 2 cikin mako guda zai iya fitowa da ribar wajen kashi 180. Lissafin daidai ne, ma'ana ce babu. Ɗalibin da ya ci jarrabawar mako ɗaya ai ba a ba shi digiri.

Haka kuma duk abin da aka ba ta shi take dafawa. Alal misali, a watan Agusta 2020 kamfanin Apple ya raba kowane hannun jarinsa gida 4. In ba a shigar da rabon ba, sai shafin ya nuna kashi uku cikin huɗu na dukiyar sun salwanta, nan kuwa ko sisi bai yi ciwon kai ba.

Saura batun tsadar kaya, wanda lambar ba ta cirewa. A watan Yuni 2022 hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1. Wanda shafinsa ya nuna masa ribar kashi 5 a wannan tsakani, kuɗinsa sun ƙaru a takarda, amma abin da za su saya masa a kasuwa raguwa ya yi.