Magina da Masu Zanen Fadar Majalisar Siyena

Fadar majalisar birnin Siyena da ke Italiya, wadda aka aza harsashinta a shekarar 1297, tana daga cikin gine-ginen da suka fi nuna gwanintar magina na wancan zamani, domin sun tayar da hawan ƙasa da dutse, suka ɗora na sama da jan bulo, sannan suka ɗan lanƙwasa fuskar ginin don ta dace da dandalin Kampo da ke gabanta.

Sai dai yabon da ya fi girma na masu zanen bango ne, waɗanda suka yi aiki da dabarar firesko, wato shafa launi a kan ɗanyen yaɓen farar ƙasa kafin ya bushe, abin da ke tilasta wa mai zane ya kammala rabon kowace rana ba jinkiri, kuma babban kuskure sai an kankare yaɓen. Da wannan dabara Ambrogio Lorenzetti ya ƙawata zauren Majalisar Mutum Tara, masu mulkin birnin, tsakanin 1338 da 1339, inda ya nuna mulkin adalci da magina a kan rufi, da masu ɗinkin takalma, da manoma suna huɗa da girbi, alhali a wancan lokaci galibin zane na majami'u ne. Bangon da ya zana azzalumin sarki mai ƙaho, da adalci a siffar mace ɗaurarriya a ƙarƙashinsa, shi ne ya fi lalacewa.