Littattafan Yara: Ba Tiya Ɗaya Ake Auna Su Ba

Akwai wani shafi da ya zama kamar farilla a littattafan yara na Hausa da ake bugawa a 'yan shekarun nan. Labari na ƙarewa, kana juya takarda sai ka ci karo da kanu: darussan da ke cikin wannan labari. A ƙasa an jero su, na ɗaya biyayya ga iyaye, na biyu illar ƙarya, na uku amfanin wanke hannu da sabulu. Wani littafin ma shafin darussan ya fi samun kulawa a kan labarin kansa, har kana iya gane cewa darussan aka fara rubutawa, daga baya aka nemo wata Binta da wani Audu aka ɗora musu.

Ba na ɗora wa marubutan laifi su kaɗai. Sun san wanda zai zaro kuɗi daga aljihu. Yaro ba ya sayen littafi. Uba ne ke saya, ko hedimasta, ko jami'in wata ƙungiya mai raba littattafai a makarantu, kuma dukkansu tambayarsu guda ce: "Me yake koyarwa?" In amsar ta fito a jere, an yi ciniki. Tambaya ce mai kyau, ni ma ina yin ta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tsaya a kanta, a auna littafin koyon baƙaƙe da tatsuniya da littafin kimiyya da labarin jarumta duk da ita. Mai gero da mai man gyaɗa rumfarsu na iya zama ɗaya, amma ba wanda ke cewa a auna masa mai da tiya.

Tatsuniya ce ta fi jin jiki a hannunmu. Gizo maƙaryaci ne, makwaɗaici, ba wanda ya bari, har Ƙoƙi matarsa ba ta tsira ba. Kakanninmu sun san haka sarai, kuma ba su taɓa ɓoye wa yara shi ba. Wata rana asirinsa ya tonu ya arce, wata rana kuwa ya ci bulus, ya bar kura da shan duka. Yaron da ke kwance kan tabarma yana dariya, a cikin dariyar nan yake gane yadda mayaudari ke lallaɓa mutum, da yadda ƙarami ke kuɓuta daga hannun mai ƙarfi. Ba wanda ya tsayar da labari ya yi masa bayani. To yanzu duba abin da ake yi wa Gizo a takarda. An gyara masa tsamin bakin nan nasa, yana magana tsaf kamar mai karanta labarai a rediyo. An cire 'yar waƙar da ke tsakiyar labari, wadda mai tatsuniya ke rerawa yara na amsawa, wai don ta cinye wuri. A shafin ƙarshe kuma sai Gizo ya tara namun daji ya nemi gafara, ya yi alkawarin ba zai ƙara ba. Wannan ba Gizo ba ne, wani ne ya ari sunansa.

Da Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi shida, a farkon shekarun 1970, sunan kansa ya nuna ya san inda abin yake zaune: tatsuniya 'yar'uwar wasan dandali ce, da baki da jiki ake yin ta. Don haka in aka ba ni littafin tatsuniya in duba, ba na karanta shi a zuci. Da ƙarfi nake karantawa, a gaban yara in da hali. Inda harshena ya sarƙe, marubucin ne ya yi tuntuɓe. Sannan in jira in ga ko gobe yarinyar da ta saurara za ta iya ba ƙanenta labarin ba tare da littafin ba. Idan ta iya, har ta ƙara nata gishirin, littafin ya yi aikinsa.

Masu kare shafin darussa kan ce ai Abubakar Imam ma wa'azi ya cika Magana Jari Ce da shi. Gaskiya ne akwai hikima a ciki jingim, sunayen labaran da yawa ma karin magana ne. Amma a tuna yadda aka gina littafi na farko. Musa ɗan sarki ya ɗaura ɗamarar fita ya bi sahun mayaƙa, akwai maƙarƙashiyar waziri tana jiransa a waje, aku mai son hana shi fita kuwa ba shi da igiyar ɗaure shi sai labari. Idan labarin ya yi lami, Musa ya fice, shi ke nan an rasa shi. Wato tun a 1937 Imam ya kafa wa kansa sharaɗi mai tsanani: labarin da bai iya zaunar da yaro mai zumuɗi har gari ya waye ba, bai ci sunansa ba. Hikimar tana biyo baya, a goye. Tambayi duk wanda ya karanta labarin Kalala da Kalalatu a firamare me ya rage masa a ka. Kajin da aka cinye zai ce maka, da baƙon da ya ranta a na kare, da mai gida biye da shi riƙe da wuƙa. Haka Ruwan Bagaja: mutane sun manta abubuwa da yawa a cikinsa, ba su manta ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ba.

Littafin koyon karatu kuwa wata duniya ce daban, kuma a nan masu son adabi irina ne ke yin zalunci. Mukan buɗe shi mu ga jimloli gajeru, kalma ɗaya tana ta maimaituwa, mu taɓe baki mu ce ba daɗi. Ai ba don daɗinmu aka yi shi ba. Tsofaffin littattafan nan, Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, sunayensu kaɗai matakala ne, kowanne na miƙa yaro ga na gaba. Littattafan Mu Karanta da aka shigar makarantun firamare na jihohin Bauchi da Sakkwato su ma a kan tsarin hawa-hawa aka gina su. Abin dubawa a irin wannan littafi a fili yake. Shin an jefo wa yaro baƙin da ba a riga an koya masa ba? Rubutun manya ne da idon ɗan shekara shida zai kama? An sa ƙugiya a kan ɓ da ɗ da ƙ, ko maɗaba'a ta shafe su don na'urarta ba ta da su? Babba na iya cike gurbin ƙugiya da ka, amma mai koyo abin da ya gani shi zai furta. Littafin farko da ya yi sakaci da wannan ya faɗi, ko da kowane shafi nasiha ce.

A littafin hotuna, mai zane marubuci ne na biyu, wani lokaci ma shi ne na farko. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in rufe rubutun da tafin hannu in ce wa ɗan shekara huɗu ya faɗa mini abin da ke faruwa. A littafi mai kyau zai nuno maka abin da kai ba ka lura da shi ba, akuyar da ke satar dusa a bayan mai magana, ko jaririn goye da ke leƙen kowa. Rubutu bai ambace su ba, mai zane ne ya ajiye wa yaro su. Abin da ke tasowa yanzu shi ne hotunan da kwamfuta ke ƙirƙirowa, ga arha ga sheƙi. Sai ka ga mace na daka ta riƙe taɓarya kamar sandar kiwo, turmin kamar tukunyar fure, rawanin mai gari irin na wata ƙasa can, hannun yaro da yatsu shida. Manya kan wuce ba su gani ba. Yara kuwa ƙirga yatsun suke yi.

Akwai kuma rumbunan littattafan hotuna na kyauta a intanet, irin su African Storybook da aka buɗe daga Afirka ta Kudu a 2014, da StoryWeaver na Indiya a 2015, kuma duka biyun akwai Hausa a ciki. Alheri ne babba ga malamin da ba shi da ko kwabo na sayen littafi. Sai dai da yake ƙofar fassara a buɗe take ga kowa, kyan Hausar ya dogara ga wanda ya zauna ya fassara. Ba na damuwa in yaron Gumel ya ga giwar Indiya ko rigar Zulu a hoto, ai duniya yake gani. Damuwata jimlar da ba Bahaushen da zai furta ta a gidansu.

Littafin ilmi, na kimiyya ko tarihi ko labarin ƙasa, shi ne wanda tambayar "me yake koyarwa" ta fi dacewa da shi, kuma abin mamaki shi ne aka fi yi wa sassauci. Ba mai bin diddigin ko abin da ya koyar ɗin gaskiya ne. Tun watan Agusta na 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta fitar da Fuluto daga jerin manyan duniyoyin da ke kewaya rana, suka koma takwas. Littafin da aka buga bayan haka yana cewa tara, kwafo shi aka yi daga tsohon littafi ba a duba ba, kuma wanda ya yi sakaci a nan ya yi a wani wurin. Bayan gaskiya sai abu na biyu: ya tura yaro waje. Imam da Rupert East sun rubuta Ikon Allah a kan halittu da al'amuran duniya da Hausar da ba ta jin kunyar kanta. Irin wannan littafi ya ci nasara ne ran da yaro ya ajiye shi ya je ya tsuguna gaban shuri yana kallon gara.

Waƙar yara ba ta buƙatar dogon bincike. A ba 'yan mata uku su tafa da ita. In kari ya karye, hannuwansu za su faɗa maka kafin bakinsu. Ƙissoshin annabawa da tarihin sahabbai kuwa, a nan ingancin ruwaya ke gaba da komai, kuma malami ne ya kamata ya duba, ba mai sharhin adabi ba. Ba a yi wa ƙissa ƙarin gishiri don ta yi armashi.

Inda gibin ya fi girma shi ne tsakanin shekara goma zuwa sha huɗu. Yaro ya iya karatu, ya wuce littafin hotuna, yana neman abin da zai sa gabansa ya faɗi. A da akwai abin ba shi. Akwai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda asalinsa labarin wani gwarzon Rasha ne amma ya zauna daram a Hausa, har dokinsa Ƙwalele ya shiga bakin mutane. Akwai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, da ya ɗauki yaro Bahaushe ya kai shi sararin samaniya a 1969, shekarar da mutum ya fara taka wata. A irin waɗannan ba abin da nake nema sai haɗari na gaske da jarumin da zai iya yin kuskure. Marubucin yau tsoro yake ji. In yaron labarinsa ya fita ba da izini ba, za a ce yana koya wa yara yawo. In ya yi wa babba gardama, za a ce rashin kunya. Sai ya rubuta yaron da bai taɓa laifi ba, wanda ba abin da zai same shi, ɗan shekara sha biyu kuwa ya karanta shafi uku ya ajiye ya ɗauki wayar yayarsa. Daga nan mu taru mu ce yaran yanzu ba sa son karatu.

Wasu ƙasashen sun daɗe da raba ma'aunin. A Amurka ƙungiyar ma'aikatan laburare tana ba da lambar Newbery tun 1922 don rubutu, da Caldecott tun 1938 don zane, da Sibert tun 2001 don littafin ilmi, da Geisel tun 2006 don littafin masu fara karatu. Alƙalan kowacce sun san abin da aka aike su nema. A Nijeriya babbar gasar adabi ta kamfanin gas na NLNG, mai kyautar dala 100,000, tana zagayowa kan adabin yara sau ɗaya a shekara huɗu, da Turanci, kuma duk nau'o'in a kwando guda. A 2015 ma alƙalan ba su ba kowa ba. Mu a Hausa ba sai mun jira mai dala ba. Ya isa a ce duk mai sharhi a jarida ko rediyo, da duk kwamitin da ke zaɓar wa makaranta littafi, ya fara da faɗin nau'in littafin da shekarun yaron da aka yi wa shi, kafin ya ce yana da kyau ko ba shi da.

Shafin darussa kuwa, ban ce a ƙone shi ba. Malamar da ke fama da yara tamanin a aji ɗaya tana buƙatar abin da za ta kama ta ja tattaunawa, kuma tambayoyi sun fi mata amfani a kan amsoshin da aka riga aka tauna. A mayar da shi cikin jagoran malami, ko can bangon baya da ƙananan baƙaƙe. Kuma a maimakon a rubuta cewa labarin na koyar da illar kwaɗayi, a tambayi yaran abin da za su yi da su ne Ƙoƙi, ran da Gizo ya shigo gida da naman da bai faɗi inda ya samo ba.