Tsakanin Shaihu Umar da Samanja

Ana yawan cewa talabijin ce ta kashe fim ɗin silima a Arewa. Mu dai a ganinmu majinyaci ta tarar, ta gaje shi tun da sauran numfashinsa.

Gwamnatin Jihar Arewa mai hedikwata a Kaduna ce ta raini fim ɗin Hausa. Motocin majigi kan shiga ƙauyuka su haska irin su Baban Larai don koyar da noman zamani, kuma kyauta ake kallo. Gidajen silima, inda ake yankar tikiti, Indiya da kaboyi da 'yan Cana suka cika su. Ke nan fim ɗinmu bai taɓa koyon ciyar da kansa ba. Ko Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda ya fito a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da kuɗin hukuma aka yi shi. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, sayo ƙwaryar fim da wanke ta a ƙasashen waje ya gagari kowa. Ƙasarmu Ce da Kulɓa Na Ɓarna, a farkon shekarun 1990, kusan su ne 'yan auta.

Ita kuwa talabijin tun 1962 ta kafu a Kaduna da sunan RKTV, kafin ta koma NTA. Ta yi abin da silima ta kasa: ta shiga har tsakar gida, wurin matan aure da yaran da ba a bari su doshi gidan silima, wanda ake wa kallon matattarar 'yan iska. Usman Baba Pategi a Samanja Mazan Fama da Ƙasimu Yero a Karambana sun zama 'yan gida a kowace unguwa, daga Unguwar Shanu zuwa Kawo. Dariyar da suka ba mu ba ta biyuwa.

Sai dai a lura da yadda aka gina waɗannan wasanni. Ɗaki ne ko zaure, mutum biyu ko uku, kyamara a kafe, sai magana. Za ka iya juya wa akwatin baya kana cin tuwo, ba abin da zai wuce ka, domin wasan rediyo ne aka sa wa fuska. Shaihu Umar kuwa da ido yake ba da labari. Ayari a cikin hamada, tazarar da ke tsakanin uwa da ɗanta, duk hoto ne ke ɗauke da su, ba baki ba. Wannan tarbiyyar ido ce ta yanke.

Da bidiyo ya zo da Turmin Danya a Kano a 1990, Samanja ya gada, ba Halilu ba. Shi ya sa har gobe jarumin Kannywood, har a dogon zangon da muke bi a YouTube, sai ya zauna a kujera ya bayyana mana cewa ransa a ɓace yake.

Shaihu Umar kansa ya yi shekaru ba a jin ɗuriyarsa. Da aka gano shi aka gyara, a bikin fina-finai na Berlin da ke Jamus aka haska shi a 2018.