Gani Ya Kori Ji? Sharhi a Kan Littafin Hayyu bin Yaƙzan

Ibn Ɗufail, likitan fadar Muwahhidai wanda ya rasu a Marrakesh a 1185, ya ƙagi labari don ya amsa tambaya guda: me mutum zai iya sani in ba wanda ya taɓa gaya masa komai? Sai ya ajiye jariri shi kaɗai a tsibiri, barewa ta shayar da shi.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne ranar da barewar ta mutu. Hayyu ya kira ta, ba ta motsa ba. Ya duba idanunta da kunnuwanta bai ga lahani ba, sai ya tsaga ƙirjinta yana neman abin da ya toshe. A ɓangaren hagu na zuciyar ya tarar da rami wayam. Nan ya gane cewa uwar da yake nema ita ce abin da ya fita daga ramin, gawar kuwa mazauni ce kawai. Matakan sani ke nan a jere: ido ya gani, hannu ya gwada, hankali ya yanke hukunci kan abin da ido bai kai gare shi ba. Da haka ya nazarci wuta da taurari har ya san Mahalicci.

Amma muna da ja. Hayyu bai san ko kalma ɗaya ba sai da Absal ya iso tsibirin, lokacin yana wajen shekara 50. Duk da haka yana rarrabe jiki da sura kamar almajirin Aristotal. Wa ya ba shi waɗannan ma'aunai? Marubucin ne ya ara masa karatunsa, ya ɓoye hannu.

Hausawa kan ce gani ya kori ji, littafin ma ra'ayinsa ke nan. To amma ranar haihuwarmu, da wanzuwar Marrakesh, da ita kanta 1185, duk ji muka yi. Tambayar da ta fi shafarmu ita ce yadda za mu auna mai ba da labari, aikin da malaman hadisi suka gina ilimin isnadi dominsa. A nan littafin ya yi shiru.

Da Hayyu ya je tsibirin Salaman yin wa'azi, mutane suka kasa fahimtarsa, ya koma. Ibn Ɗufail ya ɗora laifin a kan gajeren tunaninsu. Mu muna ganin wanda bai taɓa dogara da maganar wani ba, da wuya ya san yadda zai sa a yarda da tasa.